Layukan Gwaggo Baiwa Uku

Ajingi,
3 ga Yuni.

Zuwa ga Yayata Hanne,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zaman makaranta? Haƙorin nan ya daina damun ki? Mu nan gida kowa lafiya lau. Umma tana gaishe ki, ta ce ki duba ƙasan ledar akwai ƙuli-ƙuli da yaji, kada ki rabar da su rana ɗaya. An yi ruwa mai kyau shekaranjiya, Baba ya gama shukar gero a gonar hanyar Toranke.

Tunda an hana ku riƙe waya, na ce bari in rubuto miki. Kawu Mus'ab zai ba mai gadinku idan ya biyo da motarsa ta Gaya. Kin san ni ba na iya ba da labari da baki, amma a takarda ba wanda yake kallona.

Maganar Gwaggo Baiwa ce. Tun da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa Islamiyya take zaune shiru a ƙofar ɗaki, har hira ta rage. To, makon jiya wata tsohuwar ɗalibarta, Hajiya Kadijatu 'yar Kademi da take aure a Ingila, ta kira ta. Ta ce akwai yara shida 'ya'yan Hausawa a garinsu da ake nema wa malamar tilawa, ta waya, ana ganin juna. Malamin da yake koya musu a da ba ilimi ya rasa ba, layinsa ne yake yankewa, yara su zauna suna kallon fuskarsa a daskare har lokaci ya ƙare. Don haka iyayen sun ce darasi ɗaya za a yi na gwaji, ranar ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe biyar na yamma. Idan layin Ajingi ya yanke, ko Gwaggo ta koma birni, ko su nemi wata.

Da ɗanta Yaya Faruk ya ji, ya ce ba sai an wahala ba, ta tattara ta koma Kano wajensa, intanet ɗin gidansa ba ya wasa, har ya sa an yi wa ɗakin baƙi fenti. Ya kuma tsokane ni a waya, wai mu mutanen Ajingi sai mun hau kan rumbu muke samun sabis. Na san taubashina ne, ya kamata in rama, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Gwaggo ta ce masa ya saurara zuwa ranar gwaji. Idan Ajingi ta ɗauka tana nan, idan ba ta ɗauka ba za ta bi shi, don ba za ta zauna karatu yana ruɓewa a ƙirjinta ba.

Yaya Hanne, ba na so ta tafi. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. A gidan nan ita kaɗai ce take jira in gama magana idan na fara in'ina.

Jiya muka zo Gaya ni da ita da Baba, shagon Muhammad Bashir mai sayar da wayoyi. Ya sa wani layi a na'urar intanet, ya nuna mana wata allura a wayarsa tana hawa sama kamar ta babur, ya ce duk ƙasar Gaya ba layin da ya kai shi gudu. Baba ya ce shi ke nan, a naɗe mana shi. Gwaggo ta gyara mayafi ta tambaye shi ina ƙarfen sabis ɗin kamfanin yake. Ya nuna bayan shagonsa. Ta ce, "To ɗana, a shagon naka zan riƙa karantarwa?" Duk waɗanda suka kawo caji suka fashe da dariya, har shi. Ni kuwa na sunkuyar da kai, amma wani daɗi ya cika ni. Ban taɓa ganin mace ta tambayi mai shago abin da ya sa shi sosa ƙeya ba.

A ƙarshe ta sayi na'ura mai karɓar kowane layi, mai batiri a jikinta, da layuka uku na kamfani daban-daban. Da yake ƙanana ne, ta ce za su ɓace mata, sai ta sa mai gudun nan a kwalin ashana, na biyu a gwangwanin madara, na uku a kwalbar man zafinta da ta ƙare. Yanzu haka muke kiran su a gida: Ashana, Madara da Man Zafi.

Mun wuce ta bakin makarantarku, na leƙa ta tagar mota ban hango kowa ba. Ki yi wa Gwaggo addu'a.

Taki ƙanwarki,
Karimatu Garba.


Ajingi,
12 ga Yuni.

Yaya Hanne,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na yi murna da kika ce kin karanta wasiƙata sau biyu. Umma ta ce takalmin sai ranar ziyara. Gero ya tsiro, gyaɗa ce ba a gama shukawa ba.

Kin tambaye ni yadda Gwaggo take gwada layukan. Ita ba ruwanta da allurar nan. Ta ce aikinta sauraro ne, don haka da kunne za ta auna. Kullum ƙarfe biyar daidai, lokacin da za a riƙa darasin, sai ta kira Anti Sadiyya matar Yaya Faruk a Kano, tunda nasu layin ba ya yankewa. Anti ta buɗe mus'hafi ta yi ta karantawa, Gwaggo ta rufe ido tana bi da ka. Duk inda muryar ta tsinke, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta ɗaga yatsa, ni kuma in ja layi a littafina. Minti ashirin-ashirin kowane layi yake samu. Tana iya gaya wa Anti, kin tsaya a aya kaza, na sake jin ki a aya kaza, biyu sun faɗi a hanya. Anti ta duba, haka ne kuwa. Wallahi Yaya, tsigar jikina tashi take yi.

Mun sha yawo da na'urar. Na kai ta zaure, na kai ta gindin dalbejiya, na ɗora ta kan tulu. A cikin ɗaki kan gado ba ta jan komai, katangar ƙasa da kwano suna tare ta. Inda ta fi so shi ne tagar ɗakin Gwaggo mai kallon gabas. Gwaggo ta saƙa mata 'yar raga da zaren hula muka rataye ta a ƙusa. Umma ta ce ko jariri bai samu wannan gata ba.

Madara tun kwana na uku ta fita daga lissafi, sai ta yi kamar za ta yi abin kirki sai ta ɗauke gaba ɗaya. Man Zafi a hankali yake, hoton Anti yakan yi dishi-dishi kamar ana kallon ta ta cikin labule, amma muryar tana tafiya. Ashana kuwa hoto tas, har kwallin idon Anti ake gani, kuma sau ɗaya ko biyu kawai na ja masa layi. Jiya Baba ya karɓi littafin ya duba, ya ce, "Yaya Baiwa, ai abin da na faɗa tun a Gaya ke nan, kin dai ba yarinya aikin zane-zane." Ya ce an gama gwaji, Ashana za a zuba wa data ta wata guda. Gwaggo ta yi murmushi ta ce Allah ya zaɓa mana.

Ga abin da yake damuna. Da na zo jera shafukan, sai na ga shafin ranar bakwai ga wata fari fat. Ranar kasuwa ce. Kin san yadda gidanmu yake zama ranar kasuwa: 'yan uwa daga Toranke sun cika zaure da babura, Umma tana kan babbar tukunya, ni ina kai abinci rumfar hatsin Baba, mata suna shigowa gaida Gwaggo har magariba. Ba wanda ya tuna da gwaji, har ni. Sai na ƙirga da yatsu: bakwai, sha huɗu, ashirin da ɗaya. Yaya Hanne, ranar darasin gwajin ranar kasuwa ce.

Kuma na tuna, duk ranar kasuwa da yamma nakan ga masu cirar kuɗi suna ɗaga na'urarsu sama suna tsaki. Umma ma idan ta tura saƙon murya ba ya tafiya sai kasuwa ta watse. Gidanmu kuwa tsakaninsa da kasuwa bai fi jifa biyu ba. Ban san ko hakan zai taɓa Ashana ba. Wataƙila shirme nake yi.

Sau uku ina zuwa bakin tabarmar Baba da littafin a hannu, sai in ce masa sannu da hutawa in wuce. Ya riga ya faɗa a majalisa cewa zaɓinsa ne ya ci. Yaya zan ce masa akwai saura? Da kina nan da ke za ki faɗa, ni in tsaya a bayanki. Jibi ce kasuwa ta ƙarshe kafin ranar.

Ki gaida ƙawarki mai yawan dariyar nan.

Ƙanwarki,
Karimatu.


Ajingi,
15 ga Yuni.

Yayata Hanne,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Wannan gajera ce, Kawu yana tsaye a zaure yana jira.

Ban iya faɗa da baki ba. Shekaranjiya da safe na buɗe littafin a farin shafin, na rubuta “kasuwa” da manyan baƙaƙe, na ajiye kan dardumar Gwaggo na gudu makaranta. Da na dawo, ta bari sai da ta ga ba kowa kusa. Ta jawo hannuna ta ce, "Karime, shekara talatin ina ɗiban ruwa a rijiyar bakin kasuwa, na san yadda take ja baya idan guga ya yi yawa, amma ban kawo wannan a raina ba." Ta ce na yi aikin manya. Na ɓoye fuskata a hijabi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta bi da Baba. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Jiya da la'asar ta aika ni rumfarsa, in ce Yayarsa tana roƙon ya bar wa maƙwabcinsa tsaron buhuna na ɗan lokaci, yarinya ta gaji, tana so ya riƙe mata biro. Ya zo yana mita, ƙurar dawa duk a hularsa. Ta sallami baƙi zuwa ɗakin Umma, ta sa Ashana.

Yaya, ko kiran ma da ƙyar ya shiga. Anti Sadiyya ta daskare da baki a buɗe, muryarta tana zuwa gutsure-gutsure. Yatsan Gwaggo bai sauka ba. Baba ya ja layi ya ja layi har ya kai ƙasan shafi, sai ya ajiye biron ya ce, "Sa ɗayan mu gani." Na zaro na kwalbar man zafi na sa. Hoto ya zo da dishi-dishinsa yadda ya saba, amma murya ta tafi minti ashirin cur, yatsa bai tashi ba ko sau ɗaya. Gwaggo ta ce a ƙara ashirin. Haka aka yi.

Baba ya rufe littafin. Daga baya ya ce ai kowa a kasuwar nan layin Ashana yake riƙewa, shi ya sa. Ya tambayi wa ya tuna da ranar kasuwa. Gwaggo ta nuna ni da haɓa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Ashe shirun nan naki ba na banza ba ne." Ya koma rumfa, da magariba ya dawo min da tsire.

Amma ba a gama ba. Gwaggo ta ce a wajen koyarwa tana so ta ga bakin yaro yadda yake fitar da harafi, Man Zafi kuma ba ya nuna hoto sosai. Ta yi ta tunani, ta ce tsakanin gani da ji dole ta ɗauki ji, don idan aya ta faɗi ba ta ji ba, ta ci amanar iyayen. Ban sani ba ko mutanen Ingila za su yarda da hoto irin wannan. Saura kwana shida.

Taki,
Karimatu.


Ajingi,
22 ga Yuni.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata Hanne,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, kuma jarrabawar gwaji ta zo da sauƙi. Umma da Baba da Gwaggo duk suna gaishe ki. An fara noman farko, gonar hanyar Toranke ta yi kore shar. Ki nemi waje ki zauna, yau labarin da tsawo.

Jiya tun azahar Gwaggo ta sa na share ɗaki, na rataye farin zane a bango bayan kujerarta. Na cika batirin na'ura da na waya a sola. Baba ya bar rumfa tun ƙarfe huɗu, ya zauna a bakin zaure yana tare 'yan Toranke, duk wanda ya taho da sallama mai ƙarfi sai ya ce masa a yi a hankali, ana makaranta a ciki. Umma ta kora kaji bayan gida. Daga ɗaki ana jiyo hayaniyar kasuwa da hon ɗin motoci.

Biyar daidai kira ya shigo. Ga Hajiya Kadijatu, ga yara shida a jere kan doguwar kujera, iyaye a tsaye a bayansu. Hoton ba laifi, amma ba tas ba. Wani uba mai tabarau ya fara magana a kan haka, wai ba ya ganin Malama da kyau. Gwaggo ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, fuskar tsohuwa ce, ba ka yi asarar komai ba. Ka saurara dai." Suka yi dariya, ta yi bisimilla ta fara.

Kin san muryar Gwaggo idan ta sake ta. Na manta da kasuwa, na manta da littafin da yake kan cinyata. Ta karanta, yaran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya gajarta inda ake ja, ta tsayar da shi ta ce ya maimaita. Wata ta haɗiye harafi, ta kama. Ba ta ganin bakinsu sosai, amma ba abin da ya wuce kunnenta. Mai tabarau ya daina gyara tsayuwa.

Da aka zo kan ta ƙarshe, 'yar ƙarama ce, ba ta fi shekara bakwai ba. Gwaggo ta karanta mata, ta jira. Shiru. Yarinyar ba ta ko motsi. Na ji wata uwa tana cewa shi ke nan, ya yanke irin na wancan malamin. Hajiya ta matso tana kiran Malama, Malama, kina ji na? Ni kuwa na riga na hango motar Yaya Faruk a ƙofar gida.

Gwaggo ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ina jin ki, Kadijatu. Layina bai yanke ba, ina jin numfashin yarinyar nan. Kunya take ji, ku ja baya ku daina tsaya mata a ka." Sai ta miƙo hannu ta jawo ni gaban wayar. Yaya Hanne, na so ƙasa ta tsage. Ta ce wa yarinyar ga wata yayarta, ita ma ba ta son a kalle ta, za su karanta tare, kowa ya kalli tafin hannunsa. Na kalli nawa na fara. A aya ta biyu na ji wata siririyar murya ta biyo ni daga can. Muka kai ƙarshe tare.

Minti arba'in da biyar aka yi. Shafina na jiya ba layi ko ɗaya. Kafin a kashe, iyayen suka yi 'yar shawara da Turanci, Hajiya ta juyo tana share ido ta ce an ɗauki Malama, sau uku a mako, kuma akwai wasu yara biyu da za a ƙaro. Umma da take laɓe a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, Baba ya leƙo ya ce a yi a hankali, alhali shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Gwaggo ta ce Ashana ba za a yar da shi ba, a bar shi a kwalinsa saboda ranar da Man Zafi zai yi rashin lafiya, kuma in ci gaba da riƙe littafin, don layi ma yana canza hali. Ban taɓa ganin mutum irinta ba. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ta auna kamfani uku da kunnenta, ba ta kuma kunyata kowa ba a hanya. Idan na girma ina so in iya tambaya irin tata.

Bayan an idar da magariba ta ce in kira mata Yaya Faruk. Ta gaya masa yadda aka yi, ta gode masa da fenti, ta ce ya sa baƙi a ɗakin, ita tana nan Ajingi. Sai ya fara, "Hello, hello, Inna ba na jin ki, sabis ɗin ƙauyen nan..." Gwaggo ta ce, "Faruku, kwana goma sha takwas ina gwada layin nan. Kana ji na sarai." Muka jiyo Anti Sadiyya tana ta dariya a bayansa. Ni ma ban san lokacin da na matsa kusa da wayar na ce, "Yaya Faruk, ko sai ka hau rumbu ne?" ba. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe gwiwa.

Yau da safe na ga Gwaggo ta fito da kayanta na damina daga akwatin da ta haɗa saboda tafiya Kano tana shanyawa a igiya.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida malamarku ta ɗakin kwana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Karimatu Garba Ajingi.